Idan kason kifin kod ya ƙare, wa ke biyan masunta? Tambayoyi da amsoshi

A ƙasashen arewacin Tekun Atlantika, masunci ba ya fita teku ya kama iya abin da tarunsa ya ɗauko. Kowace shekara ana yanke adadin kifin da za a kama, a raba shi, kuma idan ya ƙare a ɗaure jirage a tasha. Kifin da aka fi kai ruwa rana a kansa shi ne kod. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi game da wannan rabo, da kuma batun diyya.

Wane kifi ne kod, kuma me ya haɗa mu da shi?

Kifin ruwan sanyi ne mai farin nama da ƙarancin kitse, shi ya sa yake bushewa ƙayau ya shekara bai lalace ba. Ana samunsa a ruwan Norwe da Rasha da Ayislan da Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan miya a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko wata babbar kasuwa a Legas ko Aba, ya ga busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake kira okporoko. Mafi darajarsa kod ne. A tsibiran Lofoten na arewacin Norwe ake ɗaure shi bibbiyu ta wutsiya, a rataye a kan dogayen katakai tun daga Fabrairu har zuwa Mayu, iska mai sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ba. Zaɓaɓɓen yakan tafi Italiya, kawunan kuma da wani kaso na jikin a loda su zuwa Najeriya, wadda tana cikin manyan kasuwanninsa a duniya.

Mene ne kason kamu, kuma wa ke yanke shi?

Matakai uku ne. Masana kimiyya su ba da shawarar yawan tan ɗin da za a iya ɗiba ba tare da an karya irin ba. Gwamnatoci su zauna su yanke jimillar abin da za a kama a shekarar. Sannan kowace ƙasa ta raba nata tsakanin jiragenta.

A Turai, mai ba da shawarar ita ce majalisar binciken teku ta ICES, wadda aka kafa a 1902 take da mazauni a Copenhagen. Ministocin kamun kifi na Tarayyar Turai sukan yanke na Tekun Baltik a watan Oktoba, na sauran ruwaye a Disamba, kuma tun 1983 kowace ƙasa tana da tsayayyen kasonta cikin ɗari da ba ya canzawa. Kod ɗin Tekun Barents, wanda ya fi kowanne yawa a duniya, Norwe da Rasha ne ke kula da shi ta wata hukumar haɗin gwiwa da ke zama tun 1976. Abin mamaki, ko bayan da Rasha ta afka wa Yukren a 2022 aka dakatar da ita daga ICES, wannan hukuma ba ta fasa zama ba. Kifi bai san iyakar ƙasa ba: yana girma a ruwan da ke kusa da Rasha, ya gangaro gaɓar Norwe ya saka ƙwai.

Ta yaya ake ƙidaya kifin da ke cikin teku?

Ba a ƙidaya shi, ƙiyasi ake yi. Jiragen bincike sukan ja taru a wurare iri ɗaya kowace shekara don a kwatanta, su kuma harba sauti cikin ruwa su auna abin da ya dawo. A cikin kan kowane kod akwai wani ɗan farin dutse na kunne. Ana yanka shi a duba da madubin ƙara girma, a ƙirga zobban da ke ciki, kowane zobe shekara guda. Da haka ake gane ko garken ya cika da matasa, ko kuwa tsofaffi ne kawai suka rage ba magada. Ana haɗa wannan da takardun abin da jirage suka sauke a tasha. Idan takardun ƙarya ne, ko an zubar da kifi a teku ba a rubuta ba, ƙiyasin ma ya tashi a ƙarya.

Bayan ƙasa ta karɓi nata, yaya take rabawa?

Nan ne rigimar take, domin wanda aka rubuta wa kaso yau shi ne zai karɓi diyya gobe.

Hanya mafi tsufa ita ce a zuba kason duka a wuri guda a ce kowa ya fita, idan ya ƙare a rufe. Wannan wawaso ne. Mai babban jirgi yana fita ko teku na hauka, mai ƙarami yana gida yana jiran iska ta kwanta. Hanya ta biyu, a ba kowane jirgi nasa gwargwadon girmansa ko abin da ya saba kamawa. Ta uku, a bar mai kaso ya sayar ko ya ba da haya. Ayislan ce ta yi fice a wannan: ta fara a 1984, ta kammala da dokar 1990. Dokar ta ce kifin mallakar al'umma ne baki ɗaya, kuma ba wa mutum kaso ba ya nufin ya mallake shi har abada. Amma a aikace kaso ya zama dukiya da ake saye da sayarwa, ya taru a hannun manyan kamfanoni kaɗan. Wasu ƙauyukan gaɓar teku suka wayi gari an sayar da jirgin garinsu da kasonsa, ga kifi a bakin ƙofa amma ba su da izinin taɓa shi. Shi ya sa yanzu ake ware kashi 5.3 cikin ɗari don ƙauyuka da ƙananan masunta.

Me ke faruwa ranar da kaso ya ƙare?

Hukuma ta fitar da sanarwa, ta sa rana da sa'a, daga nan duk wanda ya fita neman kod ya karya doka.

Mutanen arewacin Norwe ba su manta da 18 ga Afrilun 1989 ba. A ranar aka tsayar da kamun kod na jiragen gaɓa, abin da ba su saba gani ba, saboda kason shekarar ya ƙare tun damina ba ta zo ba a lissafinmu na nan. Da yawa daga masu ƙananan jirage a can ƙuryar arewa ko fara kamun kirki ba su yi ba. A shekarar da ta biyo, 1990, jimillar kason Tekun Barents ta sauko zuwa tan dubu 160, aka kuma fara ba kowane jirgi nasa, bisa abin da ya kama daga 1987 zuwa 1989. Sai dai a waɗannan shekarun dabbobin ruwan nan da ake kira sil sun mamaye lungunan tekun arewa, sun kori kifi sun yayyaga taruna. Masuntan wuraren, cikinsu har da 'yan ƙabilar Sami, ba su da wani adadin kirki da za su nuna. Aka bar su a rukuni na biyu, masu rububin ɗan abin da ya rage. Shekaru uku na rashin sa'a suka zama hukuncin shekaru masu yawa.

A Ayislan kuma akwai kamun bazara na ƙananan jirage da aka buɗe a 2009. Ƙa'idojinsa a tsuke suke: daga Litinin zuwa Alhamis, kwana 12 a wata daga Mayu zuwa Agusta, sa'a 14 a teku, na'urar zaren ƙugiya ba ta wuce huɗu ba, kuma kimanin kilo 650 a rana. A takarda kwana 48 ke nan. Amma tukunyar guda ce, kuma a 2022 da 2023 da 2024 duk a watan Yuli ta ƙare. Masuntan arewa da gabas, waɗanda manyan kifi ba sa isowa wajensu sai ƙarshen bazara, su suka fi kokawa.

To idan kaso ya ƙare haka, ana biyan diyya?

A'a, a mafi yawan lokuta ba a biya. Ƙarewar kaso ba bala'i ba ne a idon doka, tsarin ne ya yi aikinsa. An ba ka izinin kama adadi kaza, ka kama, magana ta ƙare. Ya yi kama da yadda ake hana kamun kifi a Matan Fada na Argungu har sai ranar gasa: ba wanda ke bin Sarkin Ruwa bashin kwanakin da aka hana shi jefa koma, domin hanin ne ya sa ake samun kifin.

Abin da ya rage wa masunci shi ne ya yi hayar kaso daga wani inda doka ta yarda, ko ya koma kan wani kifin, ko ƙasarsa ta yi musaya da wata ƙasa, ko ya ci bashin ɗan kaso daga na baɗi. A Norwe akwai asusun lamuni da ke cika wa masunci kuɗi idan abin da ya samu bai kai wani mafi ƙarancin adadi ba, da kuma kuɗin rashin aiki. Wannan tallafin rayuwa ne, ba kuɗin kifin da bai kama ba.

Yaushe ke nan gwamnati take buɗe lalitarta?

Sai idan ita ce ta rufe ruwan baki ɗaya, ko ta zabtare kason har sana'ar ta durƙushe. Babban misali shi ne Kanada.

Ruwan Newfoundland da Labrador, lardin da ke gabashin Kanada, ya ciyar da masunta kusan shekara 500. Da manyan jirage masu masana'anta a ciki suka zo daga Turai da Tarayyar Sobiyet, kamun ya haura tan dubu 800 a 1968. Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 a 1977, amma maimakon ta bar kifin ya huta, sai ta gina nata manyan jiragen. A ranar 2 ga Yulin 1992 ministan kamun kifi John Crosbie, wanda shi ma ɗan Newfoundland ne, ya zauna a wani otal a birnin St. John's ya sanar da rufe kamun na shekara biyu. Yana magana a ciki, masunta na waje suna dukan ƙofar ɗakin suna neman ɓalle ta. Kimanin mutum dubu 30 suka rasa aiki a tashi guda, korar ma'aikata mafi girma a tarihin ƙasar.

Tallafin farko dalar Kanada 225 ne a mako. Mutane suka yi ca, aka ɗaga shi har ya kai 406 ga waɗanda suka fi cancanta. Da shekara biyun suka cika ba kifi ba alamarsa, sai aka fito da sabon shiri a 1994 mai suna TAGS, na dala biliyan 1.9, da nufin ya yi shekara biyar.

A Amurka ma an yi makamancin haka, amma a ƙarami. An ayyana bala'i a kamun kifin yankin New England a 2012, a 2013 aka zabtare kason kod na Mashigin Maine da kashi 77 cikin ɗari, kuɗin agajin kuma, kimanin dala miliyan 33, sai a 2014 majalisa ta amince da shi.

Kuɗin Kanada ya yi amfani kuwa?

Ya hana yunwa, wannan ba musu. Amma bai yi abin da aka ce zai yi ba. Manufar ita ce a rage yawan masu dogaro da kod: a koya wa wasu sabuwar sana'a, a sayi lasisin wasu, tsofaffi su yi ritaya. Sai ga shi mutum kusan dubu 40 sun cancanci tallafin, fiye da yadda aka ƙiyasta nesa ba kusa ba. Dole aka kwashe kuɗin horo da na sayen lasisi aka zuba a biyan mako-mako. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya soki shirin a 1997, kuma asusun ya ƙare a Agustan 1998, kafin wa'adinsa. Aka sake ware dala miliyan 730 don sallamar ƙarshe.

Shi kansa horon ya zama abin ba'a a wasu ƙauyuka. Mutumin da ya bar makaranta yana yaro ya bi mahaifinsa teku, yanzu yana da shekara 50, an zaunar da shi a aji ana koya masa sana'ar da babu mai ɗaukarsa a garinsa. Matasa suka tattara suka nufi Ontario da filayen mai na Alberta. Tsakanin ƙidayar 1991 da ta 2001 lardin ya rasa kusan kashi goma cikin ɗari na mutanensa. Waɗanda suka tsira da sana'ar su ne masu lasisin ƙaguwa da jatan lande, waɗanda suka yawaita bayan tafiyar kod mai cin su. Kuɗin da suka kawo ya ma zarce na kod, amma hannuwan da suka raba shi ba su kai na da ba.

Wa ke karɓar diyyar, mai jirgi ko ma'aikacin jirgi?

A ra'ayina wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi. Diyya tana bin takarda, kuma takarda tana hannun mai jirgi. Kanada ta ɗan yi adalci a nan, domin ta haɗa da ma'aikatan masana'antun sarrafa kifi, waɗanda da yawansu mata ne. Birtaniya kuwa abin kunya ta yi. Bayan rikicin da ta yi da Ayislan kan iyakar ruwan kamun kod ya ƙare a 1976, jiragen garuruwan Hull da Grimsby da Fleetwood na Ingila suka rasa wurin kamu. Masu jirage suka samu kuɗin jingine jiragensu. Mutanen da suka shekara da shekaru suna jan taru cikin ƙanƙara kuwa aka ce 'yan aikin wucin gadi ne, ba su cancanci kuɗin sallama ba. Sai a shekarar 2000 aka fito da tsarin biyansu na haƙiƙa, fam dubu ɗaya kan kowace shekarar aiki, iyaka fam dubu 20. A 2012 gwamnati ta ba da haƙuri kan yadda aka yi ta jan ƙafa. Kafin nan da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Dokar Tarayyar Turai ta yanzu ta koyi wani abu. Asusunta na 2021 zuwa 2027, mai kimanin yuro biliyan 6.1, yana iya biyan mai jirgi da ma'aikacinsa idan aka tsayar da su aƙalla kwana 30 a shekara saboda matakin kare kifi ko wani bala'i. Sharaɗin shi ne mutum ya yi kwana 120 a teku cikin shekara biyun da suka gabata, kuma biyan ba zai wuce wata 12 ba a tsawon wa'adin asusun. Akwai kuma kuɗin farfasa jirgi ga wanda ya yarda ya bar sana'ar, wanda aka buɗe wa masuntan Baltik bayan rufe kamun kod na gabashin tekun a 2019.

Idan masunci ya zarce kasonsa ba da gangan ba fa?

Taru ba ya karanta takarda, don haka dole hakan ta faru. A da maganin shi ne a watsar da rarar a teku, kifin kuma ya riga ya mutu. Norwe ta haramta zubar da kod tun 1987. Masunci ya kawo komai tasha, ƙungiyar sayar da kifi ta riƙe kuɗin rarar, amma tana iya ba shi kashi 20 cikin ɗari ladan ɗaukowa. A Ayislan ma akwai ɗan ƙaramin adadi da za a iya saukewa ba a cire daga kaso ba: a yi gwanjonsa, jirgi ya ɗauki kashi 20, sauran 80 su tafi asusun bincike. Hikimar a fili take. Kuɗin ya isa ya hana ka zubarwa, amma bai isa ya sa ka fita nema da gangan ba. A can ana kuma barin jirgi ya zarce da kashi biyar cikin ɗari a cire daga na baɗi. Wanda ya ɓoye kuwa, tara ce da ƙwace lasisi. Ƙasa ma idan ta zarce nata a Tarayyar Turai, ana yanke mata a shekara mai zuwa, wani lokaci har da ƙari.

Gaskiya ne ƙarewar kason kod kan hana kama wani kifin dabam?

Gaskiya ne. Kod yana kiwo tare da hadok da wasu kifayen ƙasan teku, taru guda ke kwaso su. Tun 2019 dokar Turai ta tilasta a sauke duk kifi mai kaso da aka kama. Saboda haka jirgin da ke da tan ɗari na hadok amma kod ɗinsa ya ƙare, a ƙa'ida dole ya tsaya. A yammacin Sikotilan da Tekun Celtic, inda masana suka ce kada a kama kod ko ɗaya, ministoci sun ware ɗan kaso na kamun kuskure don kada sauran sana'ar ta shaƙe. Wasu jirage kuma suna amfani da taru mai ƙofar tsira: hadok yakan yi sama idan ya shiga, kod yakan yi ƙasa, sai a raba tarun hawa biyu.

Me ya sa ba a rage kason da wuri a huta da biyan diyya?

Saboda zafin ragi na yau ne, zafin durƙushewa kuma na wanda zai gaji kujerar ne. A Newfoundland ƙananan masunta sun yi ta kuka tun tsakiyar shekarun 1980 cewa kifin yana ƙanƙancewa yana raguwa. Ba a saurare su ba, domin manyan jirage na dawowa maƙil. Ashe ragowar kifin ne ya dunƙule wuri guda, na'urori kuma suna gano shi. Da masana suka farga a 1989 suka ba da shawarar tan dubu 125, gwamnati ta yanke dubu 235 don gudun rufe masana'antu. Shekara uku bayan nan duk aka rufe su.

Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka ɗaure hannun 'yan siyasa da ƙa'idar lissafi. Ayislan tana ɗibar kashi 20 cikin ɗari na kifin da ya kai shekara huɗu zuwa sama, ko wace jam'iyya ke mulki.

Idan aka rufe, kifin yana dawowa?

Wani wurin ya dawo, wani wurin bai dawo ba. Na Tekun Barents ya farfaɗo daga halin 1990 har kasonsa ya kai tan miliyan ɗaya a 2013. Daga baya ƙananan da ke tasowa suka yi ƙaranci, aka yi ta ragewa, har ya sauko tan dubu 340 a 2025. Na Kanada, wanda aka ce shekara biyu, ya ɗauki shekara 32: sai a Yunin 2024 aka ɗage haramcin, da tan dubu 18 kacal, kuma nan take rigima ta tashi kan barin manyan jirage su dawo. Na gabashin Baltik kuwa har yanzu a rame yake, saboda ƙasan tekun ba isasshiyar iskar shaƙa, abinci ya yi ƙaranci, tsutsa kuma ta cika masa hanta. Hana kamu kaɗai ba ya gyara wannan.

Ragin kason yana shafar farashin okporoko a Najeriya?

Yana shafa. Idan kason Norwe ya ragu, masu shanya kifi a Lofoten suna gogayya da masu sayen ɗanye da masu sa gishiri, farashin kilo ya tashi tun daga bakin jirgi. Kifin kuma yana rasa kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa a shanya, don haka ƙaramin ƙari a kan ɗanye yakan ninku a kan busasshe. Kawuna ma adadinsu na bin adadin kifin da aka kama. A ɗora faɗuwar darajar naira da kuɗin fito a tashar Legas, sai ka ga dalilin da ya sa mai saye ya koma kan kai da ƙashi da gutsattsari, ko kan busassun dangin kod masu rahusa. Ɗan kasuwar da ke shigo da kayan da mai sayarwa a tebur ba sa cikin kowane tsarin diyya na can, ko da kason ya ragu da rabi.